Yadda Inna Ta Narke a Hoton Yaya

Ku yi shiru, ku miƙo kunne, wanda ke tsaye ya nemi wuri ya zauna. Ga wata nan tafe, kuma ban ɗauko ta a bakin kowa ba. A tsakar gidanmu ta faɗo ina zaune.

A Kontagora aka haife ni, a wani gida mai zaure ɗaya da rumbu biyu, ba nisa da hanyar da ke shiga kasuwa. Abin da zan faɗa ya faru a shekarun da ake ɗibar samari aikin soja, ana loda su a mota ana yin kudu da su. Lokacin mahaifinmu ya rasu, ƙanensa ne ke riƙe da gida, muna ce masa Baffa. Mutum ne wanda in rigima ta tashi sai ya ɗauki buta ya nufi masallaci. Akwai yayarsu, Goggo, wadda mijinta ya mutu ta dawo gidan ubanta da jikanta ɗan shekara uku, ta kama ɗakin gabas, ta kama ragamar kowa. Sai uwarmu, Inna. Sai wana, ɗan farinta, ina ce masa Yaya. Sai ni, da aka kawo gida goyon ciki na fari.

Inna Bakambariya ce, daga wata tunga can bayan Tungan Magajiya. Mahaifinmu ya je sayen dawa ya gan ta, ya aure ta, ta musulunta, ta biyo shi. Ta iya Hausa sarai, sai dai harshenta bai saki nauyin yarensu ba har ta mutu. Goggo ba ta taɓa kiranta da suna ba. In za ta yi maganarta sai ta ce "matar nan", in ranta ya ɓaci ta ce "mutuniyar daji".

An ba ni labari, lokacin da Yaya ke jariri Inna ta taɓa ɗaga shi sama a tsakar gida tana yi masa wasa tana kiran sunansa, kamar yadda ake yi a wajensu. Goggo ta tara mata mata, aka yi ta dariya, wai ga wadda ba ta san kunyar ɗan fari ba. Tun daga ranar Inna ta ɗauki kunyar nan ta riƙe ta fiye da waɗanda suka gaje ta. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama tabarma ɗaya da shi, in ya shigo ta ƙofar nan sai ta sami abin yi a waccan. Tuwonsa ma ni take ba in miƙa. Amma in ya yi zazzaɓi, ita ba ta cin abinci.

To, ana nan, sai Yaya ya ba da sunansa a soja. Ranar da zai tafi, da hantsi, sai ga shi da mai hoto. Mutumin Bida ne, gajere, mai tsaga a kumatu, yana ɗauke da akwati a kafaɗa mai ƙafafu uku kamar na murhu. A gaban akwatin akwai gilashi zagayayye da murfi, shi yake kira ido. A baya akwai baƙin ƙyalle da yake cusa kansa, a gefe kuma hannun riga da yake zura hannu ciki yana laluben takarda. Tun da baƙo ba ya shiga cikin gida, sai aka zagaya da shi filin baya, inda rumbunanmu suke a ƙarƙashin dogon yaro.

Yaya ya ja ni gefe ya ce, "Ki roƙa mini Inna ta fito. Ina so in tafi da fuskarta a aljihu."

Na je na roƙa. Ta ce ba ta zuwa. Na sake roƙo, na ce ba a san ranar dawowarsa ba. Sai ta buɗe kwalla ta ɗauko baƙin zanenta na rini wanda ba ta ɗaurawa sai da salla, ta ɗaura, ta fito. Yaya na zaune a kan kujera gaban akwati. Ita kuwa ta wuce shi ta je gindin rumbu, ta kifa turmi ta zauna, tsakaninsu ya kai taki goma.

Yaya ya waiwaya ya ce, "Inna, ki ɗan matso mana."

Ta soma yunƙurawa, na gani da idona. Sai Goggo da ke jingine da danga ta ce, "To, bari mu gani. Yau kuma a gaban baƙo za a rungumi ɗan fari?"

Inna ta koma ta zauna, ta ma ƙara jan turmin baya.

Mai hoto bai tambayi kowa komai ba. Ya cusa kai cikin ƙyalle, ya ja gaban akwatin ya tura, ya murɗa wani abu a bakin gilashin. Ya ce kowa ya daskare. Ya cire murfi, ya ƙirga a bakinsa, ya mayar. Ya ce sauran aikin sai a rumfarsa, a same shi a bakin tasha. Guda biyu ya wanke. Can Yaya ya karɓi nasa ya hau mota, ɗayan kuma Baffa ya kawo gida da la'asar, naɗe a takarda.

Muka taru a kansa. Yaya ya fito fes, kamar ka kira shi ya amsa. Ana ganin maɓallan rigarsa ɗaya bayan ɗaya, ana ganin tabon lauje a haɓarsa. Amma daga kafaɗarsa zuwa baya duniya ta narke. Rumbu ya zama kamar tulin toka. Inna tana nan, an san mutum ne a zaune, sai dai ba ido, ba hanci, ba baki, kamar an zuba ruwa a kunu an dama. Baƙin zanenta ya malala ya haɗu da inuwa, ba a san inda ita ta ƙare inuwa ta fara ba. Sama da kanta kuma, inda ganyen dogon yaro yake, sai wasu farare zagayayyu birjik kamar an watsa kwabbai, kowanne da ɗan zobe mai haske a bakinsa. Na tsakiya sun cika da'ira. Na can gefen takarda sun matse, sun yi tsini sama da ƙasa.

Muka yi dariya, har da Inna, ta ce gara haka, ita dama ba ta so. Goggo ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta riƙe hoton ta daɗe tana kallo, ta kai shi rana ta kawo shi inuwa, sannan ta ce ita za ta adana.

Kwanci tashi na haihu, mace. Inna ta kama aikin jego. Tun da sassafe ta hura wuta a ƙarƙashin babbar tukunya, ta tsoma ganye ta yi mini wanka, ta dama kunun kanwa, da yamma ta sake. Ina cikin kwana ashirin da 'yan kai zafi ya tsananta, ƙyanda ta shigo unguwa. Ta kama jikan Goggo. Yaron nan ya saba da Inna, don ƙuli-ƙuli take yi na sayarwa, kullum yana gindinta tana gutsura masa. Da zazzaɓi ya hau kansa sai ya riƙa sambatu yana cewa, "Inna, Inna, ba ni."

Kun san abin da ake cewa in mara lafiya ya kama sunan mutum.

Washegari da hantsi Goggo ta aika aka kira matan maƙwabta, suka cika tsakar gida. Ta fito da hoton daga ƙarƙashin tabarmarta ta ɗaga shi sama.

Ta ce, "Ku duba da idonku, kada a ce Goggo ce ta faɗa. Ga ɗa nan, har gashin girarsa ana ƙirgawa. To ina uwar? Rana ɗaya, wuri ɗaya, akwati ɗaya. Ya kama ɗa ya kasa kama uwa. Me ke hana a kama mutum in ba ba ya cikin jikinsa ba?"

Wata ta ce, "Ikon Allah."

Goggo ta sa farce a kan farare zagayayyun nan ta ce, "Waɗannan fa? Kwabbai ne a kan bishiya? Ku dubi na gefen nan da kyau. Wace ce a cikinku ba ta san idon kyanwa ba? 'Yan uwanta ne suka zo rakiya. Tun ranar na gani na yi shiru, na ce ruwa ba ya tsami banza. Ga shi yanzu yaro na kiran sunanta."

Hoton ya zaga hannu hannu. Matar da jiya ta aiko aron rariya wajen Inna, yau ita ce ta ja ɗanta ta tura bayanta.

Abin da Goggo ke nema shi ne Inna ta tsallake yaron sau uku a gaban mutane, don ta saki kurwarsa. Ku da ba ku ga zamanin ba, ku sani cewa wadda ta tsallake ta amsa ke nan, ta ce i, ni mayya ce. Kuma ana cewa a nono ake shan maita. In Inna ta ɗaga ƙafa, to ni ma na shiga, jaririyar da ke cinyata ma ta shiga, har 'ya'yan da ba ta haifa ba.

Inna na tsugune bakin murhu da muciya a hannu. Ba ta tashi ba. Ta ce, "Ban kama ba. Me zan saki?"

Goggo ta ce, "Kun ji ko? Ko kuka ba ta yi."

Aka kira Baffa daga zaure. Ya dubi hoton, ya dubi ƙasa, ya ce abin yana da ban mamaki, amma a bi a hankali. Goggo ta ce ta ba da zuwa la'asar ɗin gobe, in ba a tsallake ba za ta ɗauki hoton da kanta ta kai ƙofar mai unguwa. Baffa ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ɗauki butarsa.

Mai jego ba ta fita sai ta yi arba'in. Ni na fita. Na ɗauki jaririyata a gaban matan nan duka na ɗora ta a cinyar Inna, na yafa mayafi, na nufi tasha, ko gama warwarewa ban yi ba.

Na same shi a rumfarsa. Ya rataya wani ƙyalle mai zanen gidan bene da jirgin sama, ya zaunar da wani mahauci a gaba yana gyara masa hula. Na jira ya gama, na ce, "Malam mai hoto, kai ka ɗauki wana ranar da zai tafi soja, a bayan gidanmu."

Ya ce, "Na tuna. Hoto mai kyau. A wancan watan ban yi kamarsa ba."

Na ce, "Matar da ke baya fa, me ya sa ba ta fito ba?"

Sai fuskarsa ta washe kamar na yabe shi. Ya ce, "Amarya, ke ma kin lura? Ɗaga yatsanki." Na ɗaga. Ya ce, "Kawo shi gaban hancinki, ki zuba masa ido. To, kada ki ɗauke ido, gaya mini, masu lemon can me ya same su?"

Na ce sun yi dishi-dishi.

Ya ce, "To haka idon akwatina yake. Wuri ɗaya yake kallo. Abin da ke nan ya fito, abin da ke nesa da nan ya narke. Amma narkewa ma iri-iri ce. Je ki duba na mai hoton bakin asibiti, bayan hotonsa kamar an yi shara da tsintsiya, kowane kara ya rabu biyu, ido ya yi ta ciwo. Nawa kuwa kamar man shanu a kan tuwo mai zafi. Daga hannun wani Bature idon nan ya fito."

Na tambaye shi farare zagayayyun da ke saman kanta. Ya ce rana ce ta ratso tsakanin ganye. Kowane ɗigon haske, tun da ba shi ake kallo ba, sai ya kumbura ya ɗauki siffar ƙofar da ya shigo ta ciki, ƙofar kuwa zagayayya ce. Na gefe kuma bakin bututun gilashin ne ya datse su, shi ya sa suka yi tsini. Yana faɗa yana shafa akwatin kamar mai shafa doki.

Na ce, "Ashe ba yadda za a yi mutum biyu su fito in ɗaya na nesa?"

Ya ce, "Wa ya ce? Duba nan." Ya murɗa bakin gilashin, na ga wasu 'yan ganyayyakin ƙarfe a ciki suna haɗuwa, ƙofar ta tsuke ta koma kamar ƙwayar gero. Ya ce, "Da na tsuke shi haka, na ƙara ƙirga kaɗan, da har ƙwaryar da ke kan rumbu ta fito."

Na ce, "To me ya hana ka?"

Ya ce, "Me zan yi da ita? Na ga mace can gindin rumbu a kan turmi, na ce mai surfe ce aka kira. Soja guda zai tafi da hotonsa, ga mai surfe a bayansa? Ai taimakonsa na yi, na buɗe idon duka na kawar da ita."

Na ce, "Uwarsa ce. Uwata ce."

Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Uwa ta zauna taki goma da ɗanta? Mu a wajenmu ba a haka. Ni duba nake yi da zan sani?"

Na gaya masa abin da hotonsa ya jawo. Kun san me ya yi? Dariya. Ya dafa ƙafar akwati yana dariya har hularsa ta zame, ya kira mai shayin kusa da shi ya ce zo ka ji, wai idona ya kama mayya. Na ce ya zo gidanmu ya faɗa musu abin da ya faɗa mini. Ya ce shi ba alƙali ba ne, ga masu jira.

Sai na je na tsaya a gaban ƙyallensa mai jirgin sama, daidai inda ake zama. Na ce, "To ba na gusawa. Duk wanda ya zo zan gaya masa akwatinka na mai da uwar mutum mayya. Daga nan in shiga kasuwa, rumfa rumfa." Wasu 'yan mata biyu da suka ci ado suna jira suka dubi juna, suka juya. Da ya ga bayansu sai dariya ta ɗauke. Ya ce gobe da hantsi zai zo, don sai rana ta tsaya inda ta tsaya ranar. Saboda sunan akwatinsa ya zo, ban taɓa ruɗin kaina a kan haka ba.

Washegari filin baya ya cika, maza ta waje, mata ta cikin danga. Ya kafa akwati inda ya kafa a da. Na riƙo hannun Inna na fito da ita, ta tsaya gindin rumbu kanta a ƙasa. Kafin ya ce komai Goggo ta ce ita ba ta yarda da abin da ake yi a ɓoye ba, sai ta leƙa ta ga abin da ke cikin ƙyallen. Shi kuwa mai son a yaba kayansa, ya ɗaga mata ƙyalle ya ce bismilla.

Ta cusa kai. Sai muka ji ihu daga ciki. Ta fizgo kanta, ɗankwali ya faɗi, ta ce, "Wayyo jama'a! Ga ta nan a kife! Kai ƙasa, ƙafafu sama, tana lilo kamar jemage!"

Wuri ya ruɗe. Mata suka ja baya, wani daga waje ya ce a nemo sanda. Ashe haka akwatin yake nuna kome a cikinsa, a kife, kuma shi ya sani. Maimakon ya buɗe baki ya faɗa, sai ya sake kama dariyar nan tasa, yana riƙe da ciki. Goggo ta tafi gadan-gadan ta tsaya gaban Inna tana nuna ta da yatsa har yana taɓa goshinta.

Ban san lokacin da na kama hannun rigar Baffa ba, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Baffa, don girman Allah kai ma leƙa." Na ja shi. Ya sunkuya ya shiga ƙyallen, ya daɗe. Da ya fito ya share gumi ya ce, "Goggon yara, ke ma ai a kife kike. Da ke, da rumbun, da bishiyar."

Wata tsohuwa ta kece da dariya. Maza uku suka leƙa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya fito yana girgiza kai. Sai a lokacin mai hoto ya ce a zaunar da Baffa a kujera, a zaunar da Goggo kuma a kan turmin nan. Ta ce Allah ya kiyaye ta zauna inda mayya ta zauna. Tsohuwar nan ta ce, "Haba, mai gaskiya na tsoron turmi?" Ta rasa yadda za ta yi, ta zauna tana huci.

Ya buɗe murfi ya rufe. Ya zura hannu cikin akwati ya yi ta lalube, ya fito da takarda, ya kafa ta gaban idon ya sake ɗaukarta, ya wanke a bokiti, duk muna tsaye rana na dukanmu. Da ya ɗaga hoton yana ɗigar ruwa, ga Baffa fes, har zaren hularsa. A bayansa ga wani dunƙule ba ido ba baki, ga idanun kyanwa birjik a samansa.

Hoton ya zaga kamar yadda na farko ya zaga. Ana ta ƙunshe dariya. Da ya iso hannun Goggo ta tofa masa yawu, ta yayyaga shi, ta ce, "An haɗa baki. Banufe da Bakambariya, wa ya san abin da suka ƙulla? Yaro dai ya kira suna, ko shi ma akwati ne ya sa shi?"

Baffa ya ce ba wanda zai tsallake kowa a gidansa, a ɗauki yaro a kai asibiti. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai ce Goggo ta ba da haƙuri ba. Inna ya juya ya ce wa, "Sai haƙuri, kin san halinta."

Mai hoto na naɗe ƙyallensa, sai ya ce, "Mama, zo ki zauna a gaba mana. In fito da ke har tsagar fuskarki, kowa ya gani."

Inna ta ɗago kai, karo na farko tun jiya. Ta ce, "Tun kafin a haifi yarinyar nan nake daka a gidan nan da rana tsaka. Wanda bai gan ni a nan ba, ba zai gan ni a takarda ba." Ta wuce ciki ta hura wutar wankana, don lokaci ya riga ya gota.

Yaron ya warke. Kuna tsammanin shi ke nan? Sai aka koma cewa Inna ta ji tsoron taro ne ta sake shi a ɓoye. Ba wanda ya ƙara faɗa a gabanta, amma ƙuli-ƙulinta ya riƙa kwana a faranti. In ta fita rijiya sai mata su tuna sun bar tuwo a wuta. Ta ci gaba da yi mini wanka safe da yamma har na cika arba'in cif. Ta yi mini kitso, ta haɗa mini kaya, ta raka ni har ƙofar gidan mijina. Washegari ta ɗaure ƙunshinta ta hau motar Rijau, ta koma tungarsu. Da na aika wa Baffa a bi ta, sai ya ce a bar ta ta huce.

Mai hoto ya yi arziki, ya bar bakin tasha ya kama shago mai ƙofar gilashi. Wajen lokacin da aka ba mu jiharmu ya kwashe ya koma garinsu. Na taɓa haɗuwa da shi a layin masu atamfa kafin ya tafi, na tsaya na dube shi, ya ce, "Hajiya, hoto ake so?"

Baffa ya yi doguwar jinya. Ya aika a kira ni, ya ce in yafe masa. Na ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ya san ba abin da ya roƙa ke nan ba.

Goggo ta yi tsawon rai da lafiyarta, da haƙoranta, ta mutu ana ce mata uwar unguwa. Ranar sadakar uku aka aiko mini da waina, na ba kaji. Jikan nata ya girma ya zama malamin makaranta. In ya gan ni yakan durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, bai san komai ba, ni kuma ban gaya masa ba.

Inna ta zauna wajen ƙannenta tana noma ɗan gayaunanta. Sau biyu na je na roƙe ta ta dawo, ta ce in sha ruwa in huta. Damina uku ta yi, ciwon ciki ya ɗauke ta. Yaya ya dawo bayan an binne ta da wata biyar. Da ya ji yadda aka yi bai ƙara taka zauren gidan nan ba. Ya gina nasa a wancan ƙarshen gari, ya yi tuƙin babbar mota har ƙarfinsa ya ƙare.

Jaririyar nan tawa kuwa ta girma ta yi kyau. Wani ɗan gidan mutunci ya nema, aka kawo goro, aka sa rana. Sai danginsa suka shiga unguwa bincike, suka ci karo da wata tsohuwa mai dogon tunani. Bayan kwana biyu aka aiko a mai da goro, ba a faɗi dalili ba. Daga baya ta auri wani malamin gona baƙo, ya tafi da ita Zariya, 'ya'yanta bakwai. Ba ta son zuwa Kontagora, ni ke zuwa can in gan su. Nan maganar ta tsaya, wanda ya ji ya riƙe.